Rasuwar Kuben Aljihuna na Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Delbert Stroud na garin Beckett a jihar Oklahoma, a madadin kaina da wandunana, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da jama'ar cocinmu rasuwar amintaccen abokin tafiyata, kuben ƙaramar bindigata. Marigayin ya riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta wuce, a cikin kwanon gasa burodi, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ya rasu yana da shekara ashirin da 'yan kai, kuma dukkansu a aljihuna na dama ya yi su. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Na san wasu za su ce ai fata ce kawai, a je a sayo wata. Masu wannan ra'ayi ba su san gidanmu ba. Tun bara hannuna na dama ya fara rawa, kuma tun daga lokacin matata Nadine take cewa bindigar nan ta koma akwatin ƙarfe ta huta. Ni kuwa na kafe, na ce muddin kube yana raye, bindiga tana aljihu. Da bakina na faɗa, a gaban baƙi, ina cin abinci. Sai yanzu na gane ba kowace magana ake yi a gaban Nadine ba.

An haifi marigayin a shagon Hoyt Mabry, badukun garinmu, daga fatar doki mai kyan gaske. Ina tsaye aka yi komai. Hoyt ya jiƙa fatar, ya naɗe ta a jikin bindigar kanta, ya bi ta da ɗan guntun ƙashi yana dannawa lungu-lungu har ta ɗauki siffarta, sannan ya ajiye ta ta bushe ta yi tauri. Gefen kaushi ya bar shi a waje don ya kama yadin aljihu, gefen santsi a ciki don bindiga ta zaro ba gardama. A kusurwar ƙasa ya fitar masa da wani ɗan kunne da ke maƙalewa a bakin aljihu, ta yadda idan an jawo, bindiga ta fito, kube ya zauna gida. Bai taɓa biyo ta waje ba ko sau ɗaya, domin ya san matsayinsa.

Babban halin da za a daɗe ana tunawa da shi shi ne rufin asiri. Duk wanda ya kalli cinyata, abin da yake gani jakar kuɗi ce mai kauri, ta mutumin da Allah ya buɗa wa. Shekara da shekaru masu zagayawa da farantin baiko a coci suna duban wannan tudu, su dubi abin da na jefa a farantin, su girgiza kai. Na sha zagi a bayan ido, an kira ni marowaci, har wani wa'azi da aka yi a kan son abin duniya na tabbata da ni ake. Marigayin yana ji, bai ce uffan ba. Ni ma ban wanke kaina ba, don a garinmu gara a ce da kai marowaci da a ce bindigarka tana nuna kanta ta cikin wando.

Mutum ne mai tsafta da kishin muhallinsa. Bai taɓa yarda da ɗan haya ba: ba makulli, ba tsabar kuɗi, ba alawa, ba ƙusa. Aljihun dama nasa ne shi kaɗai, sauran tarkace su je hagu su yi ta cunkoso. Aikinsa na gaske kuwa shi ne rufe kunamar bindiga ruf, kada wani abu ya taɓa ta. A kan wannan aikin bai taɓa gyangyaɗi ba.

Ba mai yawan magana ba ne, amma ina jin muryarsa har yanzu. Idan na zauna a bencin coci yakan ce ƙiii, a hankali, kamar mai neman gafara. Idan na zaro bindiga a filin koyon harbi sai ya ce sul. Idan na mayar da ita yakan ce tuf, shi ke nan, magana ta ƙare. A 'yan shekarun nan ƙiii ɗin ya ɗan yi tsawo, amma gwiwoyina ma haka, saboda haka ba mu taɓa yi wa juna gori ba.

Dole in faɗi gaskiya a kan tarihin yaƙinsa: bai yi ko ɗaya ba. Sau ɗaya tak aka kira shi bakin aiki, ranar da na ci karo da maciji a gindin kwamin shan ruwan dawakai. Shi ya yi nasa, ya saki bindiga a kan lokaci. Kafin in gama shawarar inda zan auna, macijin ya gaji da jira ya yi tafiyarsa. Ban da wannan, rayuwarsa duk ta zaman lafiya ce, kuma da hakan nake alfahari.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Talata na tafi birni ganin likita a kan hannun nan. Asibiti ba a shiga da makami, saboda haka na kulle bindiga a akwatin ƙarfe, na bar marigayin a kan teburin kicin yana shan iska, lafiyarsa ƙalau. Da na dawo da la'asar na tarar da shi a bakin taga, cikin rana, kwance a kwanon burodi, man shafa sirdi ya rufe shi har kunne. Nadine tana gefe tana yanka albasa.

Na ce, "Nadine, mene ne wannan?"

Ta ce, "Na ga ya bushe ne, bawan Allah, duk ya yi kaushi. Na ce bari in ɗan shafa masa."

"Wannan shafawa ce ko wanka?"

"To ai ƙishirwa yake ji, Del. Ina zubawa yana shanyewa, ni kuma ba na iya ganin abu yana wahala."

Ta ci gaba da albasarta. Idanunta sun kawo ruwa, amma ba zan iya rantsuwa a kan dalili ba.

A ƙasarmu duk abin da aka yi da fata mai ake ba shi: sirdi, linzami, takalmi, har abin wuyan kare. Shi ya sa masu dawakai da yawa suke kashe kubensu da hannunsu, suna ganin gata suke yi masa. Kube kuwa taurinsa ne ransa. Da zarar ya yi laushi sai bakinsa ya lanƙwashe ya shiga wurin kunama, abin da aka ajiye don tsaro ya zama shi ne abin tsoro. Kuskure ne da kowa zai iya yi. Sai dai Nadine 'yar mai ɗinkin sirdi ce, a cikin warin fata ta girma, kuma ranar da na kawo marigayin gida ita ce ta ɗaga shi ta juya, ta ce in kuskura mai ya kusance shi in gani. Ba na zargin kowa. Iyalai sun yanke shawarar ba za a kira 'yan sanda ba.

An yi iya ƙoƙari wajen ceto ransa. Na binne shi a garin masara ko zai tsotse man, na shanya shi a kan rufin mota, na hura masa na'urar busar da gashin Nadine ba da izininta ba. Daga ƙarshe na cire harsasai, na sa masa bindigar, na kife shi a saman gado. Da yana da rai da ya riƙe ta gam. Sai kawai ta zame ta faɗi tim a kan katifa, shi kuma ya rage a hannuna laɓe-laɓe kamar fanken da ya kwana. A nan na rufe masa baki.

Gawa ba ta yi sanyi ba masu neman gurbi suka fara layi. Abokina Virgil Tate, wanda muke shan kofin safe tare tun muna da gashi, ya zo da wani na roba mai tauri, baƙi wuluk.

Ya ce, "Wannan ko a tukunyar mai Nadine ta dafa shi, ba abin da zai same shi. Gwada ka ji, tsoho."

Na gwada. Ya ce ƙwas, da ƙarfin da har kare ya fito daga ƙarƙashin tebur. Abin da zai yi irin wannan ihu a gaban mutane ba shi da tarbiyyar zama a aljihuna. Na kuma gwada wani na yadi mai laushi daga kantin kayan farauta. Da na jawo sai ya biyo bindigar waje, na tsaya a gaban madubi ina auna kaina da bindigar da ke sanye da wandonta. Na mayar musu da abinsu.

Saboda haka na koma tushe, wurin Hoyt. Ya tsufa, ya sunkuya, amma hannunsa na nan daram. Ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ya tambayi sanadi, na faɗa masa. Ya ce, "Nadine ɗin? 'Yar gidan Purvis mai sirdi?" Na ce ita. Ya ce, "Ikon Allah," bai ƙara ba.

Hoyt yana da ƙa'idar da ba ya karyawa. Kafin ya yanka fata sai ya ba ka wani kube na gwaji ya ga yadda kake mu'amala da shi. Kowa ya san tsarin: ba a cusa bindiga a kube yana cikin aljihu. Fito da shi za ka yi, ka riƙe da hagu, ka sa bindiga da dama, yatsa a miƙe nesa da kunama, sannan ka mayar da su tare. Na yi wannan sau dubu nawa ban sani ba. Muka duba bindigar mu biyu, babu harsashi. Na riƙe kube, na kawo ta.

Bakin bindigar ya ƙi samun ƙofa. Ya bugi gefen dama, ya bugi na hagu, ya yi ta zagaye kamar ƙuda a bakin kwalba. Na cije leɓe na ƙara matse hannu, rawar ta ƙaru. Ina cikin wannan kokawa sai na lura Hoyt ya matsa gefe a hankali, domin bakin bindigar ya bar kube ya koma kallon cikin Hoyt ɗin.

Ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Delbert, fitar da yatsanka."

Na duba. Yatsana yana kan kunama, kuma ban san lokacin da ya je can ba. Ni da na koya wa 'yata Darla wannan doka tun kafin ta iya tuƙi, ni da na taɓa korar mutum daga filin harbi a kanta. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya, kuma tsoron ya fi yawa. Na ajiye bindigar a kan teburinsa.

Hoyt ya ɗauki kuben gwajin ya mayar cikin aljihun tebur. Ya share hannu a gaban rigarsa ya ce, "Ka san fatar doki ta yi wuya bana, mutumina. Ba na so in yi maka da abin da bai kai ba. In na samu mai kyau zan kira ka."

A bayansa fatun doki ne rataye tun daga rufi har ƙasa, sun kusa toshe taga. Na kalle su, shi ma ya juya ya kalle su. Na ce, "Haka ne, ta yi wuya. Ba gaggawa." Ya rako ni har mota, abin da bai taɓa yi ba.

Marigayin ya rasu ya bar matarsa guda, wato bindigar, wadda yanzu take takaba a akwatin ƙarfe, kuma ba a sa ranar fitarta ba. Ya bar wanduna masu yawa, kowanne da shatin jikinsa a cinyar dama, da wata tsohuwar wuƙar aljihu a ɓangaren hagu wadda ba su taɓa haɗuwa ba amma suna jin labarin juna. Ya kuma bar ni, ina tafiya ina ɗan karkata, ina shafa aljihu a bakin kowace ƙofa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan bargar dawakai, gindin babbar bishiya. Nadine ce za ta haƙa kabarin, tunda ita ta fara aikin. Virgil ya nemi a ba shi dama ya yi harbin ban girma sama, iyalai sun gode, sun ce ya zo da kujeru. Matan coci masu niyyar kawo abinci su kawo wake da burodin masara da shayi mai ƙanƙara, amma ana roƙon kada a kawo soyayyen abu, don ganin mai yana tayar mana da hankali. Fasto ya ce ba zai yi addu'a a kan fata ba, sai dai zai zo cin abinci.

Masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi wanda zai gaji marigayin. Ba za a naɗa kowa ba. Makullin akwatin ƙarfe yana wurin Nadine, kuma ba ƙwata ta yi ba, ni na miƙa mata da na dawo daga shagon Hoyt. A bakin kabari za ta tsaya a damana ta riƙe hannun. Ta ce idan ta riƙe shi ba ya rawa. Yana yi, ina jinsa, amma ban ga dalilin gaya mata ba.