Yajin Hafsatu

"Sannu da gida, tsohuwa. Har yanzu kina nan, ba ki ba mutane wuri ba?"

"Ina nan daram, mijin banza. Zamna, magana gare ni."

Safwan ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin tabarma. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a jami'a a Aliero, inda yake karanta ilimin tallata kaya. An ba su aiki, kowa ya ɗauki wani kayan gida ya raɗa masa suna, ya kai shi kasuwa, sannan ya kawo shi gaban malamai. Shi ya ɗauki yajin da kakarsa take dakawa a Maiyama, ya ɗura a 'yan robobi, ya manna takarda mai cewa Yajin Hafsatu. Yaji ya karɓu a kasuwar Jega har robobin suka ƙare. Sai ga saƙo cewa tsohuwa ta jingine taɓarya, tana nemansa. Ranar Litinin zai tsaya gaban malamai, kuma in ya je hannu wofi, sai ya maimaita kwas ɗin.

"Wai talla suka koya maka a makarantar nan?" in ji ta.

"Ilimin talla dai."

"Ɗiyan maƙwabta da faranti a ka suke yi, ba wanda ya kai su jami'a. Kuma ba su taɓa tallan sunan kakarsu ba."

"Sunan da ya tsufa ya yi tsatsa? Ni na goge miki shi."

"Ka goge shi ka hana mutanen gida magana. Jiya wata mata ta tambayi uwarka mi ne sunan yajin. Surukata ce, ta ina za ta faɗi sunana? Ta tsaya tana 'yajin... yajin mai sunan nan,' har matar ta gaji ta tafi."

Safwan ya danne dariya.

"Ubanka kuwa, in an tambaye shi, tari ke sarƙe shi. Baffanka Lukman da ka jibge wa robobi a shago, da leɓe yake nuna su, kamar mai ciwon haƙori."

Nan dariyar ta gushe masa. Shi jika ne, tun yana rarrafe yake kiran sunanta gatsal, bai taɓa tuna cewa sauran gidan ba su da wannan bakin ba.

"To a yi haƙuri, amarya. Zan sake takardar, a sa Yajin Kaka. Ke dai ki daka mini na Litinin."

"Kaka? Kaka nawa ne a Maiyama? So kake tsohuwar gidan Magaji ta ce nata ne, wadda yajinta kamar toka?"

"To Yajin Tsohuwa Mai Faɗa."

"Kanka kamar tulu."

"Yanzu mi kike so, don Allah?"

Ta gyara bakin zanenta.

"Shekaranjiya na je awon ido Jega," in ji ta. "Ina ratsa kasuwa na ji wani ƙato yana cewa a ba shi Hafsatu guda biyu. Sai da na waiwaya. Tun da ƙawayena suka ƙare, ba wanda ke kirana hakan sai kai, mara kunya." Ta kau da kai. "Na tsaya na ƙara ji."

"To don mi kika jingine taɓarya?"

"Don ka zo. Da na ce gaisuwa ce, da ka zo?"

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo wani babban kwano, ta buɗe. Yaji ne cike, ja wur, ƙamshinsa ya sa Safwan atishawa. Ya jingina da bango.

"To Inna da Baba fa?"

"Su ci gaba da tari," in ji ta, tana dariya tana tura masa kwanon. "Ɗauka. Ka gaya wa mai buga takardar ya ƙara wa sunan girma, idona bai gani sosai."