Yadda Za Ka Ɗauko wa Surukinka Hoton Taurari

Ya kai mai neman aure da ilimin taurari, matso kusa. An jarraba wannan dabara a kan Ilya, ɗan Damagaram mai karatun digirin dokta kan taurari a birnin Lyon, kuma tabbas tana ci. Sau ɗaya kawai ta ƙi.

1. Cika baki. Ilya ya je garin Stains gaida Alhaji Garga, mahaifin budurwarsa Mardiya. Alhaji ya ce, "Yaro, kallon sama sana'a ce? Kawo mini hoto in gani, sannan mu yi zancen aure." Kai ma amsa kamar Ilya: "Baba, sati biyu ma ya yi yawa."

2. Shiga layi. Babban madubin hangen nesa yana can kan dutse, masu jiransa sun fi masu jiran takardar izinin zama a ƙasar. Dama wata takwas Ilya ya yi yana jira, aka ba shi awa uku a satin da ya cika baki. Hadari ya cinye su duka.

3. In sama ta ƙi, duba madafa. Akwai tukunyar da Hajiya Achta, uwar Mardiya, ta zubo masa dambu. Ya ɗumama, ya manta ta a wuta, cikinta ya yi baƙi ƙirin, kunya ta hana shi mayarwa. Barbaɗa gari, ga taurari. Ɗiga manja, ga gajimaren da ake haifarsu a ciki. Haska fitila, ɗauka.

4. Raɗa masa suna mai lamba. Ba a musu da lamba.

5. Sa a gilashi, kai wa manya. Alhaji ya riƙe hoton yana ta salati, har da ƙwalla. Hajiya ta sa tabarau, ta daɗe tana duban wata lotsawa a gefe.

"Malam Ilya, nisan nawa ka ce?"

"Shekara dubu bakwai haske yana tafiya, Inna."

"Ikon Allah! Daga Abeshe na zo da ita, ban san ta yi nisa haka ba. In ta dawo gida a kankare, ma yi zancen auren."

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ya biyan tukunya, ba ya ba da haƙuri a madadin kowa. Mai ƙorafi ya nemi Ilya a Lyon, yana nan yana kankara.