Kyautar Minti Goma Sha Bakwai

Jama'a, ku taya ni murna. An ba 'yar autata littafi kyauta, kuma ta riƙe shi a hannunta har tsawon minti goma sha bakwai. Ba ƙiyasi nake yi ba. Sana'ata gyaran agogo ce, rubutun nan da kuke gani sha'awa ce kawai, saboda haka in na ce goma sha bakwai, to ku riƙe haka.

Takarda aka aiko daga makarantarsu, wai iyaye su hallara ƙarfe tara na safe, za a ƙaddamar da shirin koya wa ƙananan yara karatu da littattafai masu hotuna. Na rufe shago, na saka rigata ta fita kunya, na isa tara saura kwata. Ba son taro ne ya kai ni ba. Auta shekararta bakwai, tana aji biyu, amma ba ta iya bambance "ba" da "da" a rubuce. Ajinsu yara ne maƙil har bakin taga, Malama ta faɗa su maimaita, ta faɗa su maimaita. Auta tana iya zazzago maka duk abin da ke kan allo alhali ta juya masa baya. Mun daɗe muna alfahari da ita, sai ranar da uwarta ta kama ta tana rangaɗa karatu takardar na juye, ƙasa a sama. Yayyenta suka yi mata dariya. Tun daga nan kullum da safe sai cikinta ya fara ciwo, ba ya saki sai lokacin makaranta ya wuce. Ga shi kuma an ce duk wanda bai iya karatu ba a ƙarshen zango, sai ya maimaita aji.

Da muka je, an kafa rumfa da kujeru masu laushi saboda manya. Yara kuwa an jera su a rana, tunda su ne manyan gobe, goben kuma ba ta yi ba tukuna. Mai Girma Babban Baƙo ya iso ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna, motoci na biye da shi kamar jerin tururuwa. Da ya ɗaga hannu yana gaida jama'a na saci kallon agogonsa, ka san mai sana'a. Agogo ne na gani na faɗa, kuma daidai yake tafiya, ko daƙiƙa bai ɓata ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗora wa agogo laifi.

Mutum huɗu suka yi jawabi, kowannensu ya shaida mana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin na huɗun ya gama, ɗanyen iccen da ke rana ya fara tanƙwarewa da kansa, don yara biyu sai da aka kai su inuwa ana yi musu fifita.

Daga nan aka raba littattafai. Wani mai lasifika ya ce kowane yaro ya ɗaga nasa sama ya yi murmushi, masu ɗaukar hoto suka yi aikinsu. Na matsa kusa da Auta muka buɗe. Shafin farko hoton Mai Girma ne. Na biyu hoton mataimakinsa. Na uku jawabin Mai Girma cikin ƙananan haruffa, saboda 'yan shekara bakwai su amfana. A shafi na huɗu labari ya fara, kuma in faɗi gaskiya littafin ya yi kyau. Wata akuya ce ta zura kai cikin tulu tana neman ruwa. Auta ta buɗe na gaba ta ja hannun rigata.

"Baba, kanta ya maƙale."

"Ya maƙale kuwa."

Ta ɗora yatsa a kan rubutun da ke ƙarƙashin hoton. "Nan me aka ce?"

Tun da aka haife ta ban taɓa jin ta tambayi abin da rubutu ya ce ba. Na sunkuya ke nan zan karanta mata, na ji ana rurrufe ƙofofin motoci. Ƙurarsu ba ta kwanta ba wani mai rungume da fayil ya biyo layi, yana karɓe littattafan yana zubawa a kwali.

"Ranka ya daɗe, ba kyauta aka ce ba?" na tambaye shi.

"Kyauta ce mana. Makaranta aka ba."

"To ai makarantar ke nan a tsaye a rana."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda bai waye ba. "Malam, sababbi ne fa. In aka bar wa yara, ɓata su za su yi."

Kwana uku Auta ba ta da wata magana sai ɗaya: akuyar ta fita? Na ƙago mata ƙarshe, ta ce ba haka yake a littafin ba. Uwarta ta ce, "Kai da kake da bakin rubuta wa jarida surutu, je ka aro mata littafin mana, ko na kwana ɗaya ne."

Shugaban makaranta mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Littattafan suna bayansa a cikin kabad mai ƙofar gilashi, an jera su tsaf, an garƙame da kwaɗo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

"Makullin ba ya wurina," in ji shi. "Yana ofishin masu duba makarantu. Kuma in gaya maka gaskiya, ko yana wurina tsoro nake ji. Shafi ɗaya ya yage, ni za a kira. Yaro ɗari su kasa karatu, ba wanda zai kira ni."

Na tafi ofishin. Masinja ya ce Yallaɓai Mai Riƙe da Makulli yana wani babban otal, ana taron ƙara wa juna sani na mako guda a kan yadda za a cusa wa yara son karatu. Na ce Allah ya ƙara sani. Bayan mako na koma, na yi sa'a na same shi, har ya ɗan yi ƙiba. Ya saurare ni da natsuwa, sannan ya yi mini bayani. Ba za a buɗe kabad ba sai an horar da malamai yadda ake amfani da littattafan. Ba za a horar da malamai ba sai an fitar da ƙa'idoji. Ƙa'idojin kuma akwai kwamitin da zai rubuta su, ana nan ana kafa kwamitin da zai zaɓo shi.

"Yallaɓai, ni dai so nake in san ko akuyar ta fita."

"Wace akuya?"

"Ta cikin littafin."

"Akwai akuya a ciki?" Ya juya ya dubi sakatarensa, sakataren ya dubi silin. Ya ce in rubuto buƙatata a takarda.

Ni ba na cikin masu zagin manya. Wannan tsari ne mai kyau, kuma ina ba da shawarar a faɗaɗa shi. A rufe magunguna a kabad kada marasa lafiya su ƙarar da su. A hana motoci hawa sabuwar kwalta. Ni ma daga yau in na gyara wa mutum agogo zan riƙe abina a shago, ya riƙa zuwa yana leƙen lokaci ta gilashi.

Maƙwabcin shagona mai fenti ne, shi yake rubuta wa mutane allunan talla. Da na ba shi labari sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Kai ka gani a ƙasa, ba ga shi ba, minti goma sha bakwai."

Malamar su Auta ce ta tare ni a ƙofar makaranta washegari. Mace ce mai ƙaramin jiki, muryarta kullum a dushe saboda fama da aji.

"Baban Auta, na ji ka je ofis. Kada ka sake wahalar da takalminka. Ba sai littafinsu ba. Yaro hoto yake so da labari, da wanda zai zauna kusa da shi ya nuna masa kalma. Ka samo min kwalaye da wanda ya iya zane."

Haka aka yi. Na bi masu shaguna na roƙo kwalayen sabulu da na madara, muka yayyanka. Mai fenti ya yi zane da ragowar fentinsa, Malama ta rubuta kalmomi da manyan haruffa, uwar Auta ta ɗinke gefen da zare mai kauri. Littafin farko, ba sai na faɗa ba, na akuya ne. Auta ta daɗe tana kallon shafin farko.

"Kawu, wannan kare ne."

"Akuya ce. Ba ki ga ƙaho ba?"

"To kare ne mai ƙaho."

Mai fenti ya ji haushi, ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a ba wanda ya taɓa raina masa aiki. Malama ta ce ya bar shi haka, wannan ma riba ce, tunda hoton bai faɗi gaskiya ba dole yarinya ta koma ga rubutu. Ta ce wa Auta, "Ki daina gardama da kawunki. Duba nan ƙasa, shi zai raba ku." Ta kama yatsanta ta ɗora. A. Ku. Ya.

Malama ta koya mini yadda zan yi a gida. Kada in fara da karantawa. In tambaye ta me ta gani, me take jin zai faru, sannan mu bi kalmar da yatsa gaɓa-gaɓa, kuma kada in yi saurin faɗa mata in ta tsaya. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya. Kullum bayan an tashi makaranta sai Auta ta zo shago ta hau benci, agogunan bango na ta ƙas-ƙas a kanmu, ina aiki da ido ɗaya ina bin yatsanta da ɗayan. Wata rana ta yi kuka ta jefar da kwalin. Wata rana ni na yi tsaki, ta tafi gida ta kai ƙarata wurin uwarta. Littattafai kuwa suka yi ta ƙaruwa, na kaza, na keke, na wani mai kitso da ya... a'a, wannan Malama ta hana. Sauran iyaye suka fara kawo kwalaye, aka riƙa zagayawa da littattafan a aji, suna yagewa ana sake ɗinkewa.

A mako na shida Malama ta biyo ta shago. Ta buɗe wani sabon littafi da Auta ba ta taɓa gani ba, ta rufe hoton da tafin hannunta, ta ce, "Karanta." Auta ta ɗora yatsa a kan rubutun. Can sai ta fara, a hankali: "Ka-za ta hau ke-ke." Ta ɗago tana dariya. "Ƙarya ne, kaza ba ta hawa keke." Ta ture hannun Malama don ta ga hoton. Ni kuma ƙaramin sukurun agogon wani da ke bakin hantsakina ya faɗi ƙasa, har yau ban gan shi ba.

Kafin ƙarshen zango sai ga tawagar masu duba aiki, Yallaɓai Mai Riƙe da Makulli a gaba. An ce iyaye su zo, na zo. Suka tsayar da yara ɗaya bayan ɗaya, yara suka karanta abin da aka rubuta a allo. Yallaɓai ya yi farin ciki ƙwarai, ya ce wannan ya nuna shirin Mai Girma ya yi nasara fiye da yadda aka zata. Daga nan suka duba kabad, suka ga ko kusurwar shafi ɗaya ba ta lanƙwashe ba, aka yaba wa shugaban makaranta saboda iya kula da kayan hukuma. Ba wanda ya ga wani abin tambaya tsakanin yabo na farko da na biyu.

Sai idon wani daga cikinsu ya faɗa kan kwalayenmu a kan teburin Malama. Ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu, ya jujjuya.

"Wa ya amince da wannan? Ko hoton Mai Girma babu."

Mai fenti, da ya biyo ni kallo, ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, in wannan ce matsalar, yanzu sai in zana shi."

Malama ta taka masa ƙafa, ni na ja shi waje. Mun san hannunsa.

Auta ta wuce aji uku. Ciwon ciki ya warke ba tare da magani ba. Sai dai yanzu ba a iya tafiya da ita a titi, komai sai ta tsaya ta karanta: bayan mota, buhun siminti, rigar mutane. Shekaranjiya muna hanyar shago ta ci birki gaban wani babban allo da na shekara biyu ina wucewa ban ɗaga kai ba.

"An kam-ma-la gi-nin ɗa-kin ka-ra-tu na ya-ra." Ta leƙa bayan allon. Fili ne, ciyawa har gwiwa, sai bulo guda biyar da wata tsohuwar taya. "Baba, ina ɗakin?"

Na ce ta rage murya.

"Ai an rubuta an kammala."

Na ja hannunta muka wuce, tana ta waiwaye, tana cewa za ta tambayi Malama. Saboda haka, masu karatu, na janye duk ƙorafin da na yi a sama, ina kuma neman afuwar manyanmu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yarinya ɗaya ke nan, da littafin kwali, ta fara tambayar ina gini. Ku auna abin da zai faru da an buɗe kabad.