Sarautar Masu Jakai

Wani ɗan kabu-kabu ne a Zugu, ba shi da komai a duniya sai babur ɗinsa. Da shi yake ciyar da matarsa Larai da 'ya'ya huɗu. Lokacin kuwa ana wahalar man fetur, sai mutum ya yini a layi ya dawo da gumi kawai.

Ran kasuwar Gummi ya sauke fasinja, rana ta yi zafi, sai ya faɗa gidan kallon Gambo don ya sha inuwa. Gambon nan ya taɓa zama Ikko wata uku, saboda haka shi ke fassara wa mutane Turanci, inda ya ji da inda bai ji ba. Ya samo wani faifan Turawa mai kashi-kashi, duk ran kasuwa yana saka ɗaya.

Aka tayar da janareto. Sai ga duniya ta lalace. Fetur ya ƙare ƙaf, motoci sun mutu a kan titi, kaji na ƙwai a cikinsu. Can sai ga wani tsohon Bature bisa jaki, mutane na zubewa suna gaishe shi.

"Wanga wa na?" in ji gogan naka.

Gambo ya ce, "Sarkin duniya kenan. Nan gaba duk mai jaki shi ka mulki."

Da aka tashi, gardama ta kaure. Labbo mai shayi ya ce wa'azi ne, kowa ya tuba. Wani ya ce ƙaryar Turawa ce, su da ko akuya ba su iya ɗaurewa. Wani kuma ya ce shi bai ga fim ba, tunda har aka gama ba wanda ya yi rawa.  Mutuminka kuwa layin gidan mai kawai yake hangowa.

Bai zame ko'ina ba sai wurin Dabo dillalin dabbobi.

"Dabo, jakai nawa za ka ba ni ga babur ɗin ga?"

Dabo ya dube shi, ya dubi babur. "Lahiya kake?"

"Lahiya lau. Na ga abin da ba ka gani ba."

Dabo bai tsaya neman ganin komai ba. Ya kwance masa jakai biyu, ɗaya gurgu, ya karɓi makulli da sauri kamar mai ɗaukar garwashi.

Sai bayan isha'i ya isa Zugu, yana bisa ɗaya yana jan ɗaya. Larai ta leƙo.

"Ina babur?"

"Babur ya zama tarihi. Ki fara koyon tahiyar matan sarakuna."

Larai ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya naɗa zanen gado a kai, yana gwada amsa gaisuwa. Kwana shida sarki na zaune, talakawa ba su zo ba. Jakan suka cinye dangar maƙwabci, suka bi da shanyar gero. Tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa. Sau biyu Dabo na wucewa bisa babur da fasinja, har da danna masa oda.

Mutumin ya ce a ransa, danna dai, kwanan nan za ka zo neman aron gurgun.

Ran kasuwa ya yi sammako ya koma Gummi don ya ga yadda ake naɗin. Ya ɗaure jakai a bakin gidan kallo, ya zauna a bencin gaba yana harɗe ƙafa.

Aka saka kashi na biyu. Sai ga ruwa ya ci duniya, ko tsinin bishiya babu. Wani Bature na tuƙa kwalekwale, mutane na iyo suna roƙonsa.

Gogan ya miƙe. "Gambo, ka yi kuskuren faifai! Ina tsohon nan mai jaki?"

"Wancan labari ya ƙare. Kowane mako da irin tashin duniyarsa."

"To jakan hwa?"

"Ka ga jaki bisa ruwan ga? Duk sun nutse."

Gogan ya yi salati, ya riƙe bango. "Yo su Turawan ga duniya nawa gare su? Su shirya tsakaninsu mana, su hwaɗi wadda za a hwara! Ni ta jakai ni shirya ma!"

Labbo ya ce ya yi haƙuri, wa'azi ne. Ya ce wa Labbo ya riƙe wa'azinsa, tunda shi Labbon bai ba da tukunyar shayinsa ba.

Haka ya kamo hanyar gida, gurgun na tirjewa, shi yana tunani. Kafin ya kai Zugu dabara ta faɗo masa, har ya fara murmushi. Ya tarar da Larai tana kankare gindin tukunya, yara sun zagaye ta.

"Larai, an sake shiri. Ruwa za a hwara. Amma kada ki damu, ƙanen Dabo na da kwalekwale bakin gulbi. Gobe in kai mai jakan ga mu yi musaya, kahin tashin duniya ta riske mu."

Larai ba ta ko ɗago kai ba.

"Tashin duniyar gidan ga an yi ta tun ran da kab ba da babur. Turawa na dai ba su zo ɗaukar fim ba."