Wai Gidan Waye Muke Ciki?

"...ya gajiya kuma? Ko da yake ina kika ga gajiya, ke da aikinki zama a kanti kina ƙirga ƙwayoyi."

"Lafiya lau, tsoho. Matsa in zauna, ƙafafuna sun kumbura saboda kai."

Tsohon yana kan kujerar roba a tsakar gidan hayar da ya shekara goma sha ɗaya a ciki, rediyo a cinya. Ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya. Sati biyu da suka wuce, mai karɓar haya, wanda 'yan gidan ke kira Mai Jaka a bayan idonsa, Maigida a gabansa, ya miƙa masa takarda: ya tashi cikin wata ɗaya, za a sayar da gida. Tun ranar abinci bai ƙara yi masa daɗi ba. Jikarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta ce ko cokali ba za a ɗaure ba sai ta je ofishin filaye ta ga sunan da hukuma ta sani. Dawowarta ke nan, da ambulan a hannu.

"To, amarya, me suka ce? In tashi ne in fara neman kwali."

"Kwalin me? Kayanka duka buhu ɗaya ne, rabi ma tsofaffin jaridu."

"Sauran rabin kwanukan da kika ara ne ba ki dawo da su ba. Faɗa min."

"Sai ka fara jin wahalata. Na shiga ginin, na ga dogon layi, na bi. Awa biyu ina tsaye ina hura hanci, har ina koya wa ta gabana yadda ake cike fom. Da na iso taga sai matar ta ce, ina jaririn? Ashe layin rajistar haihuwa ne."

"Ai da kin ce yana gida, shekararsa saba'in da huɗu."

"Na ce mata ba haƙori, sai rigima. Ta nuna min hawa na biyu. Can ma na ba su lambar ƙofa, suka ce lambar fili suke so. Allah ya taimake ni tana jikin tsohuwar takardar hayarka. Magatakarda ya ɗauko fayil, ya kwafa, ya buga hatimi. Ga shi."

Tsohon ya karɓa, ya nesanta takardar da fuskarsa, ya matso da ita, ya sake nesantawa.

"Ban ga sunan Maigida ba."

"Ba za ka gani ba. Ko ƙusa ba shi da ita a gidan nan."

"Ko ƙusa? Mutumin da nake cire wa hula? Na goge masa kujerar nan da hannun rigata. Ranar da motarsa ta ƙi tashi ni na tura, da wannan bayan nawa, har bakin titi."

"Ya gode maka?"

"Ya danna oda. To gidan waye?"

"Karanta layin ƙasa."

Ya karanta. Ya kashe rediyo. A hankali ya juya ya dubi ɗakin baya, ɗan ƙarami kusa da famfo, mai labule ruwan toka. Nan wata bazawara mai ɗinkin huluna take zaune tun kafin ya zo gidan.

"Mai Hula?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ita. Gadon mahaifinta ne."

"Matar da muka yi faɗa a kan igiyar shanya?"

"Ita."

"Wadda na ce wa in ba ta iya zaman haya ba ta je ta gina nata?"

"Me ta ce maka a lokacin?"

"Cewa ta yi, to Baba, an gode da shawara." Ya dafe kai. "Shekara talatin ina raba wasiƙa, babu adireshin da ya taɓa ɓace min. Duk shekara takardar harajin gidan nan tana zuwa da sunanta. Ni nake karɓa a ƙofa, ni nake kai mata, ina cewa kin ga shirmen ma'aikatan zamani, sun sa sunan 'yar haya."

"Lallai na yi dacen miji. Mai ilimi."

"Kada ki cika baki. Wa ya tara mata tsofaffin takalma a leda bara, wai a taimaki na ƙasa?"

Jikar ta rufe fuska da mayafi. "Kada ka tuna min. Hannu biyu ta sa ta karɓa, har da addu'a. Ɗaya ma dunduniyarsa ta cinye."

"To mun taru mun zama ɗaya. Yanzu kam tashi ya tabbata. Je ki nemo kwalin."

"Zauna. Kafin in shigo na bi ta ƙofar baya na same ta."

"Da wane idon?"

"Da wannan dai, a ƙasa. Na nuna mata takardar tashin. Ba ta san da ita ba. Ta ce Mai Jaka wakili ta sa shi, ya karɓi haya kawai, don ba ta son a riƙa durƙusa mata a gidan ubanta, kuma ba ta son a buga mata ƙofa duk ranar da rufi ya yi yoyo. Shi kuma ya samu wani mai son buɗe shago, ya ga ɗakinka ne a bakin titi. A gabana ta kira shi a waya. Ban taɓa sanin tana da murya haka ba. Ta ce gobe ya kawo littafin rasit ya ajiye, aikinsa ya ƙare."

Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Wato ba inda za ni."

"Ba inda za ka. Amma da sharaɗi: ka je da kanka. Ta ce tana da 'yar shawara ita ma."

"A kan me?"

"Ba ta faɗa ba. Murmushi kawai ta yi."

"Wannan murmushin ya fi takardar tashi ban tsoro."

Ya miƙe ya shiga ɗaki. Ya fito da kwalbar turare sabuwa, ko ledarta ba a cire ba.

"Wannan na saya ne in kai wa Mai Jaka in roƙe shi. Karɓi. Na sallama, kin fi ni kai, duk da layin jarirai."

"Ba mai gidan za ka kai wa ba?"

"Ita haƙuri zan kai mata, shi ne daidai ƙarfina." Ya gyara hula, ya kama hanyar ɗakin baya, sannan ya tsaya yana dariya. "Zo ki tsaya kusa da ni. Durƙusawar zan iya, tashin ne ban yi alkawari ba."