Nomau a Ranar Buɗe Farautar Zabi

Kwana biyar ke nan tuwo ba ya shiga mini. Sarkin Baka ya aiko yana son tafiya da ɗana Nomau farautar kwana, sati biyu a dokar daji, babansa ya bar mini maganar, kuma jibi zan ba da amsa.

Gidanmu gidan mafarauta ne. Nomau ne autana, shekararsa ashirin da shida, ga ƙarfi ga ladabi. Sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana babansa ya ce naman daji na jin ƙamshin sabulu tun daga nesa. Nomau ya kwashe sabulun gidan nan kaf, har da na wanki, ya binne a bayan rumbu.

Wata rana kuma aka ce masa mafarauci ba a jin takunsa. Kwana uku yana sanɗa a tsakar gida. Ina dama koko sai na ji numfashi a ƙeyata, na watsar da ƙwaryar.

"Nomau! Kashe ni za ka yi?"

"Kin ji takuna, Inna?"

"Ban ji ba."

"Alhamdu lillahi."

Ranar buɗe farautar zabin daji, maza suka fita da karnuka da sanduna. Babansa, don ya rabu da shi, ya kai shi gindin wata kanya a bakin fadama. "Tsaya nan. Kada ka motsa sai na dawo."

Suka yi ta kora da ihu har azahar, ko gashin zabo ba su samu ba. Da suka juyo, sai ga Nomau a tsaye ƙiƙam, cinnaku sun cije masa ƙafa har ta kumbura. Zabin da suka tsere wa ihun duk sun taru a inuwarsa suna kiwo, sun ɗauka kututture ne. Sha ɗaya aka buge nan take.

Sarkin Baka ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Shekara arba'in ina koya wa maza tsayuwa, yau na ga wanda ya iya."

Wallahi da na ji, sai da na yi guɗa. Ba a taɓa yabonsa a gaban mutane ba.

Amma jama'a, can dajin ba zabi kaɗai ba ne. In aka ce masa tsaya, ɓauna ta taso, tsayawa zai yi. Shi kuwa har ya ɗaure tabarmarsa, yana zaune a bakin ƙofa yana jiran bakina. In bar shi ya tafi, ko in hana?