Ragon Sanusi da Madubin Amarya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaura ɗamarar tabbatar wa duniya cewa rago bai san kansa ba.

Daga makaranta a Sakkwato na kwaso wani wasa na kawo wa abokaina a Illela. Kowa zai zaɓi wanda zai zama a cikin labari, falke ko maharbi ko makiyayi, a ba shi makin ƙarfi da na hankali, sai a jefa ɗan lido a ga ko abin da ya yi niyya zai yiwu. Ni ne mai ba da labari, ni ne kuma alƙali (muƙamin da nake ji da shi kamar gadonsa na yi). A ƙofar gidanmu muke zama bayan la'asar.

Rigima ta tashi ranar da Sanusi, maƙwabcinmu mai kiwon ragunan layya, ya ce makiyayinsa na cikin wasan zai riƙa yawo da rago. Na ba ragon biyu cikin ashirin a makin hankali, a sanin kai kuwa sifili.

"Biyu? Don mi?" in ji Sanusi. "Ragona ya san ƙarar mashin ɗina tun daga hanyar Ƙwanni!"

Na ce sanin mai ba da dusa daban, sanin kai daban. Na yi masa bayanin yadda ake gwadawa: a shafa wa dabba wani abu a goshi, a nuna mata madubi. In ta nemi gogewa, ta gane kanta ke nan.

"To, mu gwada," ya ce. "In ya gane kainai, ka sauka, ni ka ba da labari."

Na amsa nan take, don gara in kwana da yunwa da in bar wa Sanusi kujerata.

Babban madubi ɗaya ne a gidanmu, na ƙanwata Hadiza da za ta yi aure, wanda gwaggonmu ta sayo daga Ƙwanni, kuma washegari za a je jere. Mata sun tafi maƙwabta ƙunshi. Sanusi ya jawo ragonsa ƙofar gida, ni kuma na lallaɓa na ɗauko madubin, har na lakato ragowar lallensu na shafa wa ragon a goshi. Na tsuguna a bayan madubin na riƙe shi da hannu biyu (eh, ni da kaina).

Ragon ya duba. Ya karkata kai. Sannan ya fara ja da baya a hankali.

"Ka gani? Tunani ya kai!" in ji Sanusi.

Duk wanda ya tashi a Illela ya san abin da ja da bayan rago ke nufi. Ni ma na sani. Amma a lokacin murna ce ta cika ni, don na ga alamar ni ke da gaskiya.

Ƙara kawai na ji. Sai ga ni kwance a bakin kwata, katakon madubin rataye a wuyana, daidai lokacin da mata suka ɓullo kwana da guɗarsu. Guɗar ta mutu a tsakiya. Hadiza ta fashe da kuka. Ni kuwa, Allah ya shirye ni, abin da ya fara fita bakina shi ne, "Sanusi, ka ga bai gane kainai ba!"

Gwaggo ta daɗe tana kallona. "Shi dai rago, an san dabba ne," ta ce. "Kai hwa, mi yas same ka?"

Kunyar da na ji ta fi ciwon haƙarƙarin. Wayata ce ta tafi wajen sayo wani madubin kafin jere.

Kujerata dai tana nan, kuma har gobe makin rago biyu ne, ban ƙara masa ko rabi ba. Sai dai abokaina sun zauna sun yanke wa alƙali nasa makin. Ɗaya suka ba ni. Na koyi cewa kafin ka auna hankalin dabba, ka fara duba wanda ke riƙe da madubin.